Tulunan Mahaifiyata a Bangon Gidan Wasa

Akwai wani Alhaji a Lamisula da har yau in ya gan ni sai ya tsayar da motarsa ya gaishe ni, ya kuma tuna mini cewa aikin da ya yi a gidan wasa ko tsagewa bai yi ba. Ni kuma in amsa da ladabi, in yi masa fatan alheri, in wuce ina cizon haƙora. Mutumin kirki ne, wannan kowa ya shaida. Shi ya sa ma abin ya fi ci mini rai, domin mugu kana iya zaginsa ka huce, amma mai kirkin da ya yi maka ɓarna da zuciya ɗaya babu inda za ka kai ƙararsa.

Gidan wasan da yake nufi mahaifina ne ya gina shi, tun ban zo duniya ba. Baba Bakano ne, magini, ya zo Maiduguri da ƙuruciyarsa lokacin da ake ta gine-gine saboda isowar jirgin ƙasa, da niyyar ya ci rani ɗaya ya koma. Har ya bar duniya ranin nan bai ƙare ba. Wani attajirin fatu ne ya ba shi aikin. Attajirin ya tafi hajji ta ƙasa, ta Sudan, a hanya ya ga wani gida inda mutane ke zama hawa-hawa suna kallon wasan kwaikwayo, ya dawo ya ce shi ma sai an yi masa irinsa. Mutanen unguwa suka ce kowa ya dawo da dabino da zamzam, shi ya dawo da wasa. Bai zo da zane ba, bai zo da hoto ba. Da sanda ya zana wa Baba abin a ƙasa, ya ce sauran ya rage nasa.

Daga waje ba ka ganin komai sai doguwar katangar jan bulo da ƙofa ɗaya mai baka. Sai ka shiga za ka ga ƙasa ta zurma a gabanka kamar rabin ƙwarya. Wuraren zama matakala ne na bulo, suna sauka ɗaya bayan ɗaya har zuwa dandamali. Rufin kwano a kan azarar giginya ya rufe dandamalin da layukan gaba kawai, sauran duk sararin Allah ne. Tunda babu lantarki a unguwar a lokacin, Baba ya juya ginin yadda ranar la'asar za ta faɗo ta bayan masu kallo ta haske fuskokin masu wasa, katangar baya kuma, da ya yi ta doguwa mai kauri, ta yi wa mutane inuwa. Wani malami ya zo ya duba ya ce ai wannan za a sa jama'a su fuskanci alƙibla suna ƙyaƙyata dariya, saboda haka Baba ya ɗan karkata dandamalin wajen kudu. Har yau in ka tsaya a ƙofa za ka ga ginin a karkace, kamar mutumin da ya juya kafaɗa yana sauraren wani.

Abin da ya hana Baba sakat shi ne murya. Wuri ne buɗe, iska tana kwashe magana kafin ta kai layin baya. Sai ya tuna yadda murya ke yin kauri in mutum ya sa kai cikin randa ya yi magana, ya ce to zai binne tuluna a cikin katangar baya, a kwance, bakinsu yana kallon dandamali. Ya je wajen mata masu ginin tukwane, ya ɗauki tulu ya kafa baki ya yi sallama a ciki, ya ajiye, ya ɗauki wani. Matan suka ɗauka yana da taɓin hankali. Wata budurwa a cikinsu, Kanuri, wadda Hausarta ba ta wuce ta ciniki ba, ta ce masa in ba saya zai yi ba ya daina tofa musu yawu a kaya. Ita ce daga baya ta gane abin da yake nema. Ta gina masa tuluna masu siririn jiki da faɗin ciki da matsattsen wuya, manya da ƙanana. Ya mayar mata da fiye da rabi, ta zage shi tas da Kanuri, ta sake wasu. Arba'in da ɗaya ne suka shiga katangar, layi uku, kuma a leɓen kowanne akwai shaidar babban yatsanta, domin haka take yi wa kayanta alama. Ba a gama yaɓen ginin ba aka ɗaura musu aure. Ita ce mahaifiyata.

Ni malamar firamare ce, ban san kimiyyar sauti ba. Ko tulunan ne, ko gangaren ne, ko kaurin katangar, oho. Abin da na sani shi ne in mutum ya tsaya a tsakiyar dandamali ya yi magana kamar yana hira da na kusa da shi, wanda ke layin ƙarshe zai ji sarai. Muryar kuma takan dawo wa mai ita da wani ɗan amo mai taushi, kamar an amsa masa daga cikin ɗaki.

Gidan ya ga zamani iri-iri. Ina yarinya makarantu ke gasar wasan kwaikwayo a ciki, mu zauna a matakala muna ɓare gyaɗa har magariba ta kore mu. Da attajirin ya rasu magada suka ba mai silima haya, ya shafe bangon dandamali da farar ƙasa don majigi. Bayansa masu biki suka fasa ƙaramar ƙofa a gefe don shigo da kujeru. 'Yan siyasa suka yi ta zuwa, kowa ya shafa fentin jam'iyyarsa a kan na wani. Na ƙarshe mai gidan kallon ƙwallo ne, ya huda kwanon ya ratsa wayoyinsa. Duk wanda ya zo sai ya taɓa wani abu, amma tulunan babu wanda ya kula da su, sai jemagu.

Bayan rasuwar mahaifiyata Baba ya tsiro da wata al'ada. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya biya gidan, maigadi ya buɗe masa, ya sauka dandamali, ya yi sallama, ya ɗan tsaya, ya fito. Na ɗauka halin tsofaffin magina ne, masu zagayen aikinsu suna neman inda ya tsage. Da yanar ido ta rufe masa gani, gwiwoyi kuma suka ƙi, rakiyar ta faɗo kaina. In taso tun daga Mairi, inda nake aure, in riƙe masa hannu mu sauka matakala, ya yi sallamarsa, mu hau. Ban taɓa yin tafiyar nan ban yi mita ba.

Sai rikici ya shigo gari. Wuraren taruwa aka fara gudu, aka sa wa gidan wasa kwaɗo, ciyawa ta fito tsakanin matakala. Aka hana hawa babur, aka sa dokar hana fita, tafiya daga Mairi zuwa Lamisula ta koma shinge bayan shinge, a sauke ka daga keke napep, ka ɗaga hannu sama ka taka da ƙafa, ka sake hawa. Duk da haka in hanya ta buɗe ranar Juma'a zan tarar da Baba zaune da hularsa yana jirana. Maigadin, shi ma tsoho ne, yakan buɗe mana ƙofar masu biki mu shiga kamar ɓarayi. Na sha ce wa Baba mutane suna ta kansu shi yana ta bango. 

Daga baya mutanen ƙauyuka suka cika unguwar, kowane gida da baƙinsa, yara birjik a titi babu makaranta. Kwamitin unguwa, ƙarƙashin Bulama, wato mai unguwar, ya yanke shawarar a buɗe gidan wasa a riƙa koyar da su a ciki. Ni na fara yin na'am, har na ce musu ba su san sa'ar da suka taka ba, domin wuri ne da malami ɗaya zai koyar da taron yara ba tare da ya tsage maƙogwaronsa ba. Amma kafin a buɗe sai masu gora, wato mazan unguwa da suka ɗauki tsaronta a hannunsu, suka shiga dubawa. Suka ɗaga kai suka ga ramuka arba'in da ɗaya, baƙi ƙirin, suna kallonsu.

Kafin la'asar labari ya gama unguwa. Wani ya ce ma'ajiyar harsashi ce. Wani ya ce kowane rami ya isa a cusa abin fashewa. Wata mata da ta tsufa tana sayar da gyaɗa a ƙofar gidan ta rantse da can babu ramukan nan, sababbi ne. Shugaban masu gora ya ce a fasa su duka a ga cikinsu. Ban ga laifin tsoronsa ba, domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma mutumin nan da hannunsa ya ɗauko gawar ƙaninsa. Amma ni na koya masa karatu a aji uku, na kuma san tun a lokacin in ya kafe a kan amsa ko allon ka kifa masa a ka ba ya sauka.

Na je zaman da aka yi a ƙofar gidan Bulama, ƙarƙashin dogon yaro, ba tare da kowa ya gayyace ni ba. Na ba su tarihin gidan tun daga attajirin fatu. Suka saurara da ladabi, irin sauraren da ake yi wa wanda ake jira ya gama. Da suka zo yanke magana sai suka juya harshe zuwa Kanuri, wai kada 'yar Bakano ta ji, sun manta nonon da na sha. Na amsa musu da Kanurin, na ce in ba su yarda ba su taso mu je su ji da kunnensu.

Na jera su a layin ƙarshe, na sa maigadi ya sauka dandamali ya faɗi abin da ya karya kumallo da shi, a hankali, kamar mai raɗa. Ya ce kunu da ƙosai. Babu wanda bai ji ba. Na juyo ina murmushi, ina jiran a ce Malama ta yi gaskiya. Bulama ya yi salati. Wani dattijo ya tattara rigarsa ya nufi ƙofa, yana cewa shi dama tun yana yaro ya san gidan nan da masu shi a ɓoye. Shugaban masu gora kuwa ya gyara tsayuwa ya dube ni.

"Malama, ai kin ƙara tabbatar mana. Wurin da za a yi raɗa a can a ji a nan, wurin masu haɗa baki ne."

Na ce masa masu haɗa baki wurin da ba a jin raɗarsu suke nema, ba inda unguwa duka za ta ji ba. Ya ce shi dai hankalinsa bai kwanta da bango mai maimaita magana ba. Da a aji uku ne da na san abin da zan yi masa.

Na roƙi a ba ni mako biyu, na shiga yawon ofisoshi neman takarda ɗaya tak da za ta ce ginin nan na tarihi ne, kada a taɓa. A ofishin farko aka ce ba su da fayil ɗinsa. A na biyu aka ce gidan magada ne, in nemi magada. Magadan sun bar gari, kuma a lokacin an ɗauke sabis ɗin waya gaba ɗaya, ko da ina da lambarsu sai dai in jiƙa in sha. A na uku wani ya ba ni kujera da ruwa, ya ce in rubuto da hotuna zai miƙa wa maigidansa in ya dawo. Na tambayi yaushe zai dawo, ya ce su ma tun bara suke jiransa. Takalmi ɗaya na kashe a yawon nan, ban samo ko tambari ba.

Da na ga haka sai na ce to a kafa tsani, a haska tocila, a zura hannu cikin kowane tulu a gaban kowa. Aka yi. Aka fito da kashin jemage, da ɓawon gyaɗa, da tsofaffin tikitin silima, da wata wasiƙar soyayya da ta rududduge. A tulu na goma sha wani abu aka tarar da gidan rina, suka yi wa shugaban masu gora harbi biyu a wuya, kuma Allah ya yafe mini, na ji daɗi. Aka gama ba a sami komai ba. Ya sauko daga tsani yana shafa wuya, ya ce yau babu, gobe fa? Wa zai riƙa hawa tsani kowace safiya kafin yara su zauna a ƙarƙashinsu? Tambayar tasa gaskiya ce, kuma haushinta ya fi na duk shirmen da ya yi a baya.

Dole na je na gaya wa Baba, wanda duk wannan lokaci nake ɓoye masa. Ya ce ai abu ne mai sauƙi. A cusa tsumma a wuyan kowane tulu, a yaɓe bakin da laka haɗe da ƙaiƙayi, kaurin yatsa biyu, a shafa farar ƙasa a kai yadda in wani ya taɓa za a gani. Ran da Allah ya kawo zaman lafiya, bugu ɗaya da gindin cokalin gini ya isa ta zube.

"Laka 'yar'uwar tulu ce, Uwata, ba ta riƙe shi," in ji shi. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Amma kada siminti ya kusance su. Siminti in ya kama ya kama ke nan."

Sau uku ya maimaita mini maganar siminti. Na kai wa kwamiti, ni ma na maimaita musu sau uku, da Hausa da Kanuri. Kowa ya yarda, har shugaban masu gora, Bulama ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba. Aka sa Asabar. Ni da kaina na sa aka ɗebo lakar a baro, aka kwaɓa ta da ƙaiƙayi tun ranar Alhamis, aka rufe ta da buhu don ta ruɓa yadda Baba ya ce. Na tara tsummoki buhu guda, har da tsofaffin zannuwana.

Ranar Juma'a wani abu ya faru a wajenmu, aka rufe hanyoyi, ba shiga ba fita har kwana uku. Waya kuma babu. Na zauna a gida hankalina kwance ta wannan fannin, domin laka tana nan, tsumma yana nan, bayani kuma na yi shi har na gaji.

Alhajin nan mai tsayawa ya gaishe ni ɗan kwamiti ne, yana da shagon kayan gini kusa da Kasuwar Litinin, amma ranar da aka yi maganar laka ya yi tafiya. Maigadi ne ya ba ni labarin yadda aka yi. Ya ce Alhaji ya shigo da safiyar Asabar, ya ga tarin laka, ya tambaya, aka gaya masa. Sai ransa ya ɓaci. Ya ce ginin tarihi, aikin dattijo, a yaɓa masa laka kamar rumbun ƙauye? Ya ce yana raye ba za a yi wannan abin kunya a unguwarsu ba. Nan take ya aika aka kawo siminti da yashi da magininsa, duk sadaka. Maigadi ya ce musu Malama ta ce laka kaɗai. Alhaji ya yi dariya ya ce ai kara ce irin ta mata, ba ta son ɗora wa kowa nauyi ne. 'Yan kwamitin da na yi wa bayani sau uku suna tsaye a wurin, amma wa zai ce wa mai kyauta ya mayar da kyautarsa? Tunda kuma simintin a wadace yake, maginin bai tsaya wata cusa tsumma ba. Ya ɗura wa kowane tulu har ciki, ya danna da sanda, sannan ya shafe katangar gaba ɗaya sumul, aka bi ta da shuɗin fenti.

Ranar Litinin na iso. Na tarar da lakata a lungu ta bushe, da sawun awaki a kanta. Na ɗaga kai na ga bango kamar na asibiti. Alhaji yana tsaye a gindinsa, fuska cike da fara'a, Bulama na gefensa yana yi mini sannu da Kanuri, yana cewa wushe, wushe, Malama, zo ki ga alherin da aka yi wa mahaifinki.

"Alhaji, wa ya aike ka?" na ce.

"Babu kowa, Malama. Don Allah na yi, da kuma darajar Baba."

Abin da ya biyo baya daga bakina ba na rubutawa ba ne. Na dai san na yi da Hausa, da ta ƙare na ci gaba da Kanuri, kamar yadda mahaifiyata ta yi wa Baba a kan tulunan nan. Na sa aka kirawo maginin na tambaye shi ko za a iya cirewa. Ya ce za a iya mana, amma tare da tulunan, gutsure-gutsure. Maigadi ya girgiza kai ya ce garin neman gira an rasa ido. Kafin yamma unguwa ta ɗauka cewa Alhaji ya yi sadaka an saka masa da zagi. Bayan kwana biyu Bulama ya sa na je har shagonsa na ba shi haƙuri. Ya yafe mini nan take, har ya sa aka kawo mini lemo, ya ce ya san zafin zuciya ne na masu ilimi. Ban taɓa shan lemo mai ɗaci irin wannan ba.

A ranar Litinin ɗin, bayan kowa ya watse, na sauka dandamali na yi sallama. Muryar ta faɗi nan gabana, ko layi na uku ba ta kai ba.

Baba kuwa na ce masa an yi yadda ya ce. Ya tambayi kauri, na ce yatsa biyu. Ya tambaya ko ƙaiƙayin ya isa, na ce har ya yi saura. Daga nan kowace Juma'a da irin ƙaryar da nake zuwa da ita. Yau masu gora sun hana shiga, gobe hanya ba kyau, jibi maigadi ya yi tafiya da mabuɗi. Makaranta kuwa ta buɗe. Kwamiti ya sayo lasifika, wadda ba ta aiki sai da janareta, shi kuma ba ya aiki sai da mai. Malamai suka koma ihu. Ni ma ina koyarwa a can ranar Asabar, in dawo gida murya a dishe ina shan ruwan zafi da citta, yaran layin baya kuma su tashi ba su ji komai ba. Duk lokacin da na juya na ga shuɗin bangon nan sai in kawar da kai.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Bayan damina gari ya ɗan lafa, waya ta dawo. Wata Juma'a na shiga na tarar da Baba ya sa hula, ga cokalin gininsa, wanda ya daɗe a ƙasan akwati, yana leƙowa daga aljihu. Ya ce tulu ɗaya kawai zai buɗe, na ƙasa daga dama, na farkon da ya karɓa a hannun mahaifiyata bai mayar ba. In ya gama zai sake yaɓewa da hannunsa, babu wanda zai gane an taɓa. Na buɗe baki da sabuwar ƙarya, ya miƙo mini hannu in tashe shi. A cikin keke sau uku ina shirya yadda zan faɗa masa, sau uku ina haɗiyewa.

Maigadi ya buɗe mana, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Na riƙe Baba muka sauka, yana ƙirga matakala a ransa kamar kullum. Ya tsaya a tsakiyar dandamali, ya gyara hula.

"Salamu alaikum."

Ya karkata kai yana jira. Ya sake yi, da ɗan ƙarfi. Can waje wani keke ya wuce. Sai ya ce in kai shi bango.

Muka hau. Ya ɗora tafin hannu ya shafa, ya matsa dama, daidai inda ya san tulun yake, ya sake shafawa. Ya ciro cokalin ya ƙwanƙwasa da gindinsa, sau biyu. Magini ba ya buƙatar ido ya san ƙarar siminti. Ya bi layin ƙasa gaba ɗaya yana lalube da yatsu, ina biye da shi, har muka kai ƙarshen katangar.

"Uwata, har leɓen suka rufe?"

"Har leɓen, Baba."

Nan na fashe. Ina kuka ina zuba masa labari a hargitse, Alhaji da kyautarsa, kwamiti da kararsu, ofisoshi, hanyar da aka rufe, da ni kaina da ban kwana a Lamisula ranar Alhamis ɗin ba. Ya bar ni har na gaji. Sannan ya tambaya ko yaran suna zama a nan babu tsoro. Na ce suna zama. Ya ce to. Ya sake shafa bangon ya ce wanda ya kwaɓa ya iya aiki, wannan ba zai tsage ba. Ya mayar da cokalin aljihu.

Sai da muka kai ƙofa, ina taimaka masa ya tsallake dokin ƙofar, ya yi maganar, a hankali, ba ma kamar da ni yake ba.

"Ni dama ba bangon nake zuwa dubawa ba. Sallama nake yi wa mai tulunan, ta amsa."

Shekara da shekaru ina riƙe da hannun mutumin nan ina yi masa mita, ban taɓa tambayarsa me yake saurare ba. Kunyar wannan ta fi mini haushin Alhaji nauyi, kuma ita babu wanda zan ɗora wa.

Juma'ar da ta biyo na fito da wuri, na bi shingayen nan ban yi tsaki ko ɗaya ba, na shiga gida da shirin in kai shi ko da bango kawai zai shafa. Na tarar da shi kwance a tabarma, hular tana rataye a ƙusa. Ya ce in zauna mu yi hira, babu inda za mu.